Sai Baffa Ya Zo

An yi wa Malam Sabiru Yakubu aikin ido ranar Litinin, a wani asibitin kuɗi da ke Kano. Aikin bai kai awa guda ba. Shekararsa arba'in da shida, kuma duk ya yi su ne da harara-garke: idon dama yana kallon wanda ake magana da shi, na hagu yana lura da wanda ke gefe. A Roni, inda aka haife shi, babu wanda abin ya dama. Da shi ya yi karatu, da shi ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar masu idanu a miƙe.

Aiki ne ya kai shi gaban likita. Jami'in tarbar baƙi ne a wata hukuma, abin da abokan aikinsa ke kira Furotokol. Shi ya san wanda zai zauna a kujerar gaba, da wanda zai zauna a bayansa, da sunan da ake ambata kafin wani. Shekara goma sha tara bai taɓa zaunar da ƙarami a gaban babba ba. Sai a wani taro a Babura ya dubi wani tsohon darakta ya ce, "Ranka ya daɗe, bisimilla, kujerar gaba." Wani ɗan kwangila da ke kusa da daraktan, wanda idon hagu ya sauka a kansa, ya miƙe ya gyara babbar riga ya je ya zauna. Ba a tayar da mutum daga kujera a bainar jama'a. Daraktan ya ƙarasa taron a layi na biyu, kuma daga ranar bai ƙara amsa gaisuwar Malam Sabiru ba. Bayan wata biyu Malam Sabiru ya nemi hutun jinya.

Likitar da ta yi aikin mace ce mai ƙarancin magana. Da za ta sallame shi ta ba shi maganin ɗigawa kala biyu, ta ce ya dawo ranar Alhamis.

"Amma idan ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu, ko ido ya kumbura, ko ka ga ganinka yana raguwa, kada ka jira Alhamis. Ka taho a lokacin. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Sai dai idan ƙwayar cuta ta shiga cikin ido, ba kwana muke ƙirgawa ba, awa muke ƙirgawa."

Malam Sabiru ya ce ya fahimta. Har rubutawa ya yi a takarda, domin mutum ne mai son tsari.

Ranar Talata aka fara dubiya. Shi da kansa ya shirya falon: kujera mai hannu ta manya, doguwar kujera ta abokan aiki, tabarma ta maƙwabta, mata su wuce ciki wajen matarsa Sadiyya. Damina ce, saboda haka duk wanda ya taho daga ƙauye da ƙwan zabi ya taho. Ga kowane ayari Malam Sabiru yakan cire baƙin tabarau, ya ɗaga fuska a gani. Idon ya yi ja, amma a miƙe yake.

"Ashe kai kyakkyawa ne aka ɓoye mana," in ji wani taubashinsa. "To yanzu idan ka harare ni, babu damar in ce da na kusa da ni kake."

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu da minti ashirin waya ta shigo daga Kazaure. Halliru ne, direban Baffa.

"Yallaɓai, Baffa ya ji labari. Ya ce a gaishe ka. Ya ce yana nan tafe da kansa, gobe in Allah ya yarda."

Baffa shi ne Alhaji Muhammadu Lawal, ƙanen mahaifin Malam Sabiru, tsohon babban ma'aikacin gwamnati, mai shekara tamanin da ɗaya, kuma babban dangi tun da sauran suka rasu. Da takardarsa mai layi biyu Malam Sabiru ya sami aiki. Ba ya riƙe waya. Halliru ne ke riƙe masa, kamar yadda yake riƙe masa sanda da takalmi shekara talatin. A cikin shekara goma da suka wuce sau uku kacal Baffa ya taka ƙafa ya je dubiya a dangi, kuma har yau gidajen nan uku suna faɗa a wurin biki. Biyu daga cikin waɗanda ya duba sun rasu, amma wannan bai rage wa gidajensu daraja ba.

Malam Sabiru ya sa aka ɗauke kujera mai hannu daga amfanin kowa, aka shimfiɗa mata sabon mayafi. Bayan magariba idon hagu ya fara zugi.

Da safiyar Alhamis fatar idon ta kumbura, kwantsa ta liƙe gashin. Sadiyya ta goge masa da auduga da ruwan ɗumi, ta ɗauko jakarsa.

"Abban Shahida, yau ce fa Alhamis ɗin."

"Na sani. Ni na rubuta."

"To mu kama hanya tun da safe, ka ga kafin la'asar mun dawo."

"Idan kuma ya iso da hantsi fa? Baffa ya taso daga Kazaure, ya tarar da ƙofa da yara? Sadiyya, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Ka buga ka ce masa ya bari sai jibi mana."

Ya juyo ya dube ta da idon da ke buɗewa. "In ce wa Baffa ya bari. Ni."

Ta mayar da jakar, ta ɗora tukunyar farfesun kaji. Baffa bai zo ba. Da yamma Halliru ya bugo ya ce an yi rasuwa a Kanya Babba, sun tafi ta'aziyya, amma gobe bayan Juma'a ba fashi. Yara suka cinye farfesun.

Ranar Juma'a Malam Sabiru ya daina cire tabarau. Masu dubiya ba su damu ba. Suna kallon baƙin gilashin su ce masha Allah, aiki ya yi kyau. Da misalin goma da rabi, abokan aikinsa shida suna zaune a doguwar kujera, wayarsa ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ce daga asibitin, tana bin sunayen waɗanda ba su zo ba.

"Malam Sabiru, ba mu gan ka jiya ba. Ya jiki?"

Mutum shida suna sauraro, cikinsu har da wanda ake raɗe-raɗin zai gaji kujerarsa. Malam Sabiru ya ba da amsar da aka koya masa tun yana ɗan shekara huɗu.

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

"Babu ciwo? Babu kumburi?"

"Sai godiya. Ɗan abin da ba a rasa ba."

"To madalla. Ka daure ka shigo ranar Litinin."

Ta sa alama a gaban sunansa ta wuce na gaba. Babu wanda ya yi ƙarya da gangan, kuma kowa ya yi aikinsa.

Kafin azahar yayarsa Kaltume, wadda duk gidan ke kira Adda, ta sauka daga kan babur daga Gwiwa, inda take aure. Ta yi shekara talatin tana aikin ungozoma kafin ta yi ritaya, kuma ita kaɗai ce a duniya ba ta neman izini kafin ta taɓa fuskar Malam Sabiru. Ta jira abokan aikin suka fita, ta zare tabaran.

Ta daɗe tana kallo. Fatar ta yi sumul don kumburi. Da ta buɗe ta da yatsa, farin idon ya koma kamar ɗanyen nama, kuma a ƙasan baƙin akwai wani farin abu kwance. Ta rufe masa idon dama da tafin hannu, ta ɗaga masa yatsu.

"Yatsu nawa?"

"Uku. Kamar cikin hayaƙi dai."

"Biyu ne. Tashi."

"Adda, Baffa na hanya."

"Tun yaushe?"

"Tun Laraba."

"Daga Kazaure? Ko da rarrafe yake tahowa ai ya ci a ce ya iso. Sabiru, mugunya ce a cikin idon nan. Ba a gefe ba, a ciki. Tashi mu tafi."

"Bin na gaba bin Allah ne, Adda."

"Na gaban yana gidansa yana cin tuwo da idanunsa biyu." Ta zauna a hannun kujerar Baffa, ya yi sauri ya nuna mata doguwar, ta ƙi tashi. "To ji nan, Ranka ya daɗe Furotokol. Hanyar Kano ta Kazaure ta bi. Mu tsaya a ƙofar gidansa, ya leƙo ya duba ka a cikin mota, mu wuce. Ka sami dubiyarka, likita ta sami idonta."

Malam Sabiru ya girgiza kai a hankali, saboda girgizawa da sauri tana ƙara zugin.

"Mara lafiya ba ya kai kansa a duba shi. Idan na je, na ce masa ya makara ke nan. A fuskarsa."

"To mu wuce kada mu tsaya."

"Mu ratsa Kazaure ba mu tsaya ba? Motata kowa ya san ta. Kafin mu fita gari an kai masa."

"Wato tsayawa rashin kunya, wucewa rashin kunya. Makanta ce kaɗai ladabi."

"Ba ki san tsari ba, Adda. Ba ki taɓa sani ba."

Adda ta karɓi wayarsa ta kira Halliru. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce ya gaya wa Baffa ido ya ruɓe, likita na jira, ko ya zo yau ko ya yafe zuwan. Halliru ya ce to, Hajiya, yanzu kuwa.

Halliru ya isar da saƙon. Ya sami Baffa ya dawo daga masallaci ya ci abinci yana kishingiɗe. Ya durƙusa. Ya tuna cewa tsohon yana da hawan jini, kuma a shekara talatin bai taɓa kawo masa mummunan labari a kan cikakken ciki ba.

"Allah ya ƙara maka lafiya, an bugo daga Roni. Hajiya Kaltume ta iso. Suna gaisuwa ƙwarai. Suna ta ɗokin zuwanka."

"Jikin nasa fa?"

"To, da sauƙi za a ce."

"Madalla. Tun da da sauƙi, bari mu fara sallamar ɗaurin auren Achilafiya gobe. Kada su ce mun raina su."

Ranar Asabar Malam Sabiru ya tashi da zazzaɓi. Bai iya yin sujada ba, da ishara ya yi sallar asuba. Adda ta ɗauko motar haya ta sa aka tsayar da ita a ƙofar gida, tun da ya ce tasa kowa ya san ta. Ya leƙa ta taga ya koma ya zauna.

"Idan na shiga motar nan, ya iso ya tarar da kujera babu mai gida, me za a ce?"

"Za a ce kana asibiti, inda marasa lafiya masu hankali suke."

"Za a ce ɗan Yakubu ya gudu ya bar Baffansa a tsaye. Har jikokina sai an gaya wa."

Sadiyya tana bakin ƙofa da kofin shayi. Ta ce, "Adda, ki ƙyale shi. Na yi magana har na gaji. Ko wuta ce ta kama gidan nan, sai ya tsara wanda zai fara fita."

Adda ta shiga motar ita kaɗai ta ce wa direba Kazaure. A hanya ta shirya abin da za ta faɗa, ta maimaita shi har sau uku, da ƙarfi, har direban ya riƙa cewa gaskiya ne Hajiya. Ta tarar Baffa bai dawo daga Achilafiya ba. Ta zauna cikin gida wajen mata, aka kawo mata fura, aka tambaye ta ya mai jiki, ta ji bakinta ya ce da sauƙi. Sai bayan la'asar aka ce ta shiga.

Ta cire takalmi tun daga zaure. Ta durƙusa a gefen darduma, inda take durƙusawa tun tana yarinya. Baffa ya tambayi mijinta, ya tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi ruwan bana a Gwiwa da yadda gero ya yi. Ta amsa duka. Da aka zo kan Sabiru, jawabin da ta shirya a mota ya ƙi fitowa. Matar da ta sha yi wa mazajen masu naƙuda tsawa a gaban iyayensu ta sunkuyar da kai ta ce:

"Baffa, jikin Sabiru dai sai addu'a."

A gidansu wannan ita ce magana mafi ƙarfi da ƙarami ke iya gaya wa babba.

"Gobe da hantsi," in ji Baffa.

Ta dawo Roni ba ta gaya wa kowa yadda aka yi ba. Da Sadiyya ta tambaya, sai ta ce ta faɗa masa gaskiya tsirara.

Baffa ya iso ranar Lahadi da ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in. Maƙwabta sun fito ƙofar gidajensu. Malam Sabiru ya tarye shi a zaure cikin farar shadda da baƙin tabarau, Sadiyya na riƙe da gefen rigarsa ta baya don kada ya yi tangaɗi. Aka zaunar da Baffa a kujera mai hannu. Malam Sabiru ya durƙusa a ƙasa, ya sunkuyar da kai, abin da ya fi komai tayar masa da zugin.

"Sannu, Sabiru. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Mun gode da wannan girma."

"Cire gilashin in ga aikin da aka yi."

Ya cire.

Baffa ya matso da fuska. Ya ciro nasa tabaran daga aljihu ya saka, ya ƙara matsowa. Sannan ya ja da baya har sandarsa ta faɗi.

"Inna lillahi. Mene ne wannan? Tun yaushe yake haka?"

"Tun Laraba da yamma, Baffa," in ji Sadiyya daga bayan labule.

"Laraba! Yau Lahadi! Likitan bai ce ku koma ba?"

"Ta ce Alhamis."

"To me kake yi a gida? Kai da ka yi boko? Ke Kaltume, ba aikin asibiti kika yi ba? Me kuke jira?"

Halliru ya sunkuya ya ɗauki sandar, ya tsaya yana goge mata ƙurar da babu. Adda ta kafa wa darduma ido. A waje ana jin wata mai tallan gyaɗa.

"Tambaya nake yi. Me kuke jira?"

"Sakaci ne, Baffa," in ji Malam Sabiru. "Laifina ne. A yi haƙuri."

"Sakaci kam. Yaran yanzu ba ku san darajar lafiya ba. Halliru, ɗauke su a motata, yanzu, ka kai su Kano. Ni ina nan zaune, ka dawo ka same ni."

Dubiyar ta ɗauki minti goma sha ɗaya. A bakin mota aka ƙara ɓata uku, domin Adda ta buɗe masa baya ya kwanta, shi kuma ya ce ba zai zauna a mazaunin Baffa ba. A gaba ya zauna, kusa da direba, rana tana dukan gefen fuskarsa har Kano.

Ranar hutu ce, sai da aka kira likitar daga gida. Ta iso da kayan zaman gida da mayafi. Ba ta tambaye shi ya jiki ba. Ta zaunar da shi a gaban na'ura ta duba, ta rufe idon dama da auduga, ta kashe fitilar ɗakin, ta kunna wata 'yar fitila ta hannu.

"Kana ganin haske?"

"Kamar dai akwai."

"Daga wane gefe?"

Ya nuna sama. Fitilar tana ƙasa, daidai haɓarsa. Ta kashe ta ba tare da ta faɗa masa ba, ta sake tambaya. Ya nuna dama.

Ta kunna fitilar ɗakin ta zauna ta yi rubutu.

"Za mu kwantar da kai. Yau za a yi allura a cikin idon, gobe wataƙila a shiga a wanke. Abin da muke ƙoƙarin ceta yanzu shi ne ƙwayar idon kanta, kada ta kai ga cirewa, kada kuma cutar ta wuce ciki. Ganin kuwa, ba zan yi maka alkawari ba. Ban sa rai ba."

"Da mun zo Alhamis fa?" in ji Adda.

"Da hirar da muke yi daban ce." Likitar ta ɗago. "Ranar Juma'a an kira ka. An rubuta a nan ka ce da sauƙi."

"Haka na ce."

"Me ya hana ka zuwa?"

"Baƙi," in ji Malam Sabiru.

Ta dube shi, ta dubi Adda, ta ga babu mai ƙarin bayani, ta ci gaba da rubutu. Ya jira ta gama shafin, domin ba a katse mai aiki.

"Likita, idan kumburin ya saɓe, mutane za su gane ba ya gani?"

"Idan muka ceci ƙwayar, ba nan da nan ba."

"To alhamdu lillahi."

Likitar ta fita kiran ma'aikatan ɗakin tiyata. Malam Sabiru ya laluba ya kamo hannun yayarsa, ya rage murya ko da yake su biyu ne a ɗakin.

"Adda, maganar da likita ta yi kan Alhamis ɗin nan ta tsaya a nan. Kada ta je kunnen Baffa. Zai ɗauka laifinsa ake gani."

Adda ta zare agogon hannunsa da hularsa ta zuba a jakarta, ta zagayo ta ɓangaren dama inda zai iya ganinta.

"Wa zai faɗa masa?" in ji ta. "Ni?"